Kawar da Kuɗin Cizo a Gidajenmu: Tsakanin Amfani da Zafi da Maganin Feshi

Gabatarwa

Kudancin Jihar Katsina, tun daga Funtua, Bakori, Ɗanja, Ɗandume da Sabuwa har zuwa Faskari, Ƙanƙara, Kafur da Malumfashi, yanki ne da Allah Ya albarkace shi da ƙasar noma. Auduga, masara, dawa, waken suya, shinkafa da rake duk suna yin kyau a nan. Saboda haka da wuya a shiga gidan manomi a rasa injin feshi, ko kwalbar maganin ƙwari da ta rage daga aikin damina, ko ƙwayar da ake sakawa a hatsi lokacin ajiya.

Wannan kusanci da magungunan gona ya haifar da wata al'ada mai haɗari. Da zarar kuɗin cizo ya addabi iyali, abin da ya fi kusa da hannu shi ake ɗauka, a fesa a katifa da bango, a rufe ƙofa, da dare kuma a kwanta a ciki. Manufar wannan bayani ita ce a kwatanta wa jama'a da jami'an ƙananan hukumomi hanyoyi biyu da ake bi wajen yaƙar wannan ƙwaro, wato zafi da maganin feshi, a nuna ƙarfin kowace da rauninta, domin a san wadda ya kamata a sa gaba.

Sanin Halin Ƙwaron

Kuɗin cizo ƙwaro ne mai faɗin jiki, launinsa ja-ja mai duhu, tsawon babbansa kimanin milimita 5 zuwa 7. Ba ya tashi sama, ba ya tsalle, abincinsa jini kawai. Iri biyu ne suka fi damun ɗan Adam. Akwai wanda masana ke kira Cimex lectularius, da ya fi yawa a ƙasashen sanyi, akwai kuma Cimex hemipterus, da ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu. Da rana yana ɓoye a ɗinkin katifa, mahaɗar katakon gado, saƙar tabarma, tsagar bango, bayan kalanda da cikin kujerun kushin. Da dare ɗumin jiki da numfashin mai barci su ke jawo shi.

Abu uku ne game da rayuwarsa suka sa kawar da shi ke da wuya. Na farko, macen tana yin ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, har ta iya tara ɗaruruwa a rayuwarta. Ƙwan fari ne, bai wuce milimita 1 ba, kuma tana manna shi a lungun da ido ba ya kaiwa. Na biyu, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, ɗan kuma yana saɓa sau biyar, yana shan jini kafin kowace saɓa, ya zama babba cikin kimanin mako biyar idan akwai ɗumi. Na uku, babban yana iya yin watanni bai sha jini ba. Saboda haka kulle ɗaki na mako biyu ko uku ba ya kashe shi da yunwa.

Har zuwa yau ba a tabbatar da cewa kuɗin cizo yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane kamar yadda sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba. Illarsa ita ce ƙaiƙayi, ƙuraje da kan zama gyambo saboda susa, rashin barci, da ƙarancin jini ga ƙananan yara da tsofaffi idan ya yi yawa ƙwarai. Ya kamata a riƙe wannan da kyau, domin ƙwaron da ba ya kisa bai cancanci a yaƙe shi da gubar da ke kisa ba.

Haka kuma ba ƙazanta ce ke haifar da shi ba. Shigo da shi ake yi: a jakar matafiyi, a akwatin ɗalibin makarantar kwana, a kayan ɗan ci-rani, a tufafin gwanjo, ko a tsohon gado da kujerar da aka saya a hannu. A shekarar 2023 hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta ƙasar Faransa ta bayyana cewa kashi 11 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. Don haka babu abin kunya a ciki, kuma ɓoye matsalar shi ke ba ta damar bazuwa zuwa maƙwabta.

Hanya ta Farko: Maganin Feshi

Lokacin da maganin DDT ya bazu a duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuɗin cizo ya kusa ɓacewa a Turai da Amurka. Amma tun kafin shekarar 1950 aka fara ganin wanda DDT ba ya kashewa a tsibirin Hawayi. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da aka yi feshi, raunana suna mutuwa, 'yan kaɗan masu juriya suna tsira su hayayyafa, sannu a hankali gidan ya cika da zuriyarsu. Daga ƙarshen shekarun 1990 ƙwaron ya dawo da ƙarfi a manyan biranen duniya, kuma akasarinsa ba ya jin magungunan feshin ɗaki da aka saba da su.

Mafi yawan waɗannan magunguna na gwangwani dangi ɗaya ne da sinadarin da ake sa wa gidan sauro, irin su famitirin da daltamitirin. Wani bincike da aka wallafa a 2002 game da wasu ƙauyukan Tanzaniya ya nuna cewa da aka fara amfani da gidan sauro mai magani kuɗin cizo ya ɓace, amma bayan wasu shekaru ya dawo yana da juriya. Darasin da ke nan shi ne kada a ɗora wa gidan sauro aikin da ba nasa ba, kuma kada a jefar da shi don an ga kuɗin cizo a ɗinkinsa. A wanke shi, a shanya a inuwa, a ci gaba da kwana a ciki, domin zazzaɓin cizon sauro shi ne mai kisa.

Baya ga juriya, feshi yana da wasu raunuka. Akasarin magunguna ba sa kashe ƙwai, shi ya sa ɗaki kan yi shiru na mako ɗaya ko biyu, sannan cizo ya dawo. Ruwan feshi ba ya shiga can cikin tsaga inda ƙwaron yake. Warin maganin kuma yakan tarwatsa su, su bi ta ƙarƙashin rufi ko ramin bango su koma ɗakin da ke kusa. Idan mai gida ya ga haka sai ya ƙara yawan maganin, ko ya nemi wanda ya fi ƙarfi. A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago.

Magungunan da Bai Halatta a Shiga da Su Ɗakin Kwana Ba

Na farko shi ne sinadarin da ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, wanda aka fi sani da sunan Sniper, kuma shi ne babban abin da ke cikin fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa takarda a ranakun kasuwa. Wanda aka haɗa domin gona yana da ƙarfin da bai dace da ɗaki ba. Yana shiga jiki ta hanci da ta fata, ya dagula aikin jijiyoyi. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana shigowa da sarrafa ƙananan kwalabensa na mililita 100, ta kuma hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan kayan masarufi. A ƙarshen 2023 hukumomin lafiya na Faransa sun gargaɗi jama'arsu game da wannan maganin, wanda ake shigar da shi ƙasar ta ɓarauniyar hanya domin kashe kuɗin cizo da kyankyaso, bayan an samu mutane da dama da ya yi wa lahani.

Na biyu shi ne ƙwayar ajiyar hatsi, irin su Phostoxin, wadda 'yan kasuwar hatsi a Ɗandume, Bakori da Funtua suka san ta sarai. Idan ta haɗu da danshin iska tana fitar da iskar fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da kimanin giram 1. Iskar tana ratsa tsagar bango da silin zuwa ɗakunan da ke kusa, kuma babu wata allura ko ƙwaya da ke karya dafinta. A watan Fabrairun 2015, a garin Fort McMurray na ƙasar Kanada, ƙananan yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an yi amfani da wannan ƙwaya a gidansu domin kashe kuɗin cizo. A watan Disamban 2021 wata yarinya mai shekara 11 ta rasu a Landan, ba ma a gidansu aka sa ƙwayar ba, a gidan maƙwabta ne. Wurin wannan ƙwaya shi ne sito ko rumbun da ke nesa da wurin kwana, a hannun wanda ya san aikinta.

Na uku shi ne gamalin, wanda sinadarinsa ya shiga jerin abubuwan da yarjejeniyar duniya ta birnin Sitokhom ta hana a 2009, saboda yana daɗewa a jiki da ƙasa. Na huɗu su ne kananzir da fetur. Suna kashe ƙwaron da suka taɓa, amma katifar soso da ta sha su ba ta buƙatar abin da ya wuce tartsatsin fitila ko maganin sauro na kunnawa ta tashi da wuta.

Hanya ta Biyu: Zafi

Kuɗin cizo ba ya iya jure zafi mai tsanani. Gwaje-gwajen masana sun nuna cewa babba yana mutuwa idan ya yi kimanin awa ɗaya da rabi a zafin digiri 45 na ma'aunin Salshiyos, a digiri 48 kuwa cikin mintoci ƙalilan. Ƙwai ya fi taurin kai, yana buƙatar fiye da awa ɗaya a digiri 48. Wanki da ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe duka, babba da ƙarami da ƙwai. Fifikon zafi a kan feshi ke nan: yana kashe ƙwai, wanda ya saba da magani ma ba ya tsira daga gare shi, kuma ba ya barin guba a shimfiɗar jariri.

A ƙasashen Turai da Amurka kamfanoni suna rufe ɗaki su hura masa zafi da injina har ya haura digiri 50, su riƙe shi haka na awoyi, suna aunawa a kowane lungu. Wannan yana buƙatar wutar lantarki mai ƙarfi da kuɗi masu yawa. Kada wani ya kwaikwayi wannan ta hanyar kunna gawayi ko murhu a rufaffen ɗaki. Hayaƙin gawayi yana kashe mutum cikin barci, ga kuma haɗarin gobara. Abin da muke da shi a karkara guda uku ne, kuma sun isa idan aka bi ƙa'ida: tafasasshen ruwa, dutsen guga da rana.

Tafasasshen ruwa. A kwance gadon katako ko na ƙarfe, a fitar da shi tsakar gida, a kwarara ruwan kai tsaye daga wuta a kan kowace mahaɗa, ramin ƙusa da tsaga. A yi wa tabarmar kaba da bencin katako haka. Zannuwan gado, rigunan matashi da tufafi kuwa a zuba su a baho, a haɗa kashi biyu na tafasasshen ruwa da kashi ɗaya na ruwan sanyi, a rufe, a bari na rabin awa kafin a wanke. Jiƙa kaya a ruwan sanyi kwana guda yana kashe manya, amma ƙwai yana tsira. A nisantar da yara daga wurin wannan aiki.

Dutsen guga. Na gawayi ko na lantarki, duk ɗaya ne. A bi ɗinkin katifa, gefunan matashi, naɗin labule da ɗinkin kujera a hankali, ana ɗan tsayawa a kowane wuri. Idan aka shimfiɗa ƙyalle mai ɗan danshi aka goga a kansa, tururin yana shiga cikin ɗinki, kuma soson ba ya ƙonewa.

Rana. A nan ne aka fi yin kuskure. A watannin Maris da Afrilu zafin iska a yankin nan ba kasafai yake haura digiri 40 ba, wato bai kai abin da ke kashe ƙwaron ba. Abin da ke yin zafi sosai shi ne fuskar da rana ke duka kai tsaye. Idan aka jingina katifa a bango, ƙwarin sai su gangara gefen inuwa su jira yamma. A 2006 masana a Ostareliya sun naɗe katifu a baƙar leda suka shanya. Saman ya kai digiri 85, amma ƙasan bai wuce 35 ba. Saboda haka rana ta fi amfani ga kaya marasa kauri: tufafi, takalma, jakunkuna, littattafai da darduma. A zuba su kaɗan-kaɗan a leda, a ɗaure bakinta sosai, a baje ta a kan siminti ko fallen kwano daga hantsi zuwa la'asar, a juya ta da azahar. Buhun da aka cika maƙil tsakiyarsa ba ya ɗaukar zafi.

Katifa mai kauri, bayan an goge ɗinkinta, a ɗinke ta cikin rigar leda mai ƙarfi wadda ba ta da ɓuli, a bar ta haka har shekara guda. Na ciki ba zai fito ba, na waje ba zai samu maɓoya ba. Gadon kara da tsohuwar tabarmar da suka cika da ƙwai kuwa ƙone su ya fi, tunda bayan girbi kara ba ya wuya.

Zafi ma yana da iyakarsa. Da zarar kaya sun huce, babu abin da zai hana sabon ƙwaro hawa. Ba ya kaiwa cikin tsagar bangon ƙasa, kuma yana cin itace da lokaci. Wannan ne ya sa ba a tsayawa a kansa shi kaɗai.

Tsarin da Ya Fi Dacewa

1. A tabbatar da cewa kuɗin cizo ne. A duba ɗinkin katifa da tocila: baƙaƙen ɗigo na kashinsa, ɗigon jini a zanin gado, saɓar da ya bari, da fararen ƙwai.

2. A zaɓi rana ɗaya a yi dukan ɗakunan gidan tare. Idan aka yi ɗakin uwargida aka bar na amarya ko shagon samari, aikin ya koma baya.

3. A ɗaure kaya a leda tun daga cikin ɗaki kafin a fito da su, don kada a zubar da ƙwari a hanya. Wanda aka gama kada a mayar da shi sai an kammala ɗakin.

4. A share ɗakin, a ƙone sharar. A cire tsofaffin takardu da kalandun bango. A toshe tsagogi da yaɓe ko siminti, a shafa farar ƙasa.

5. A janye gado daga jikin bango, kada zanin gado ya taɓa ƙasa.

6. Idan har ana buƙatar magani domin tsagogin da zafi bai kai ba, a yi amfani da wanda ke da lambar rajistar NAFDAC, wanda takardarsa ta nuna an yi shi domin cikin gida. A fesa a tsaga da gindin bango kawai, ban da katifa, matashi da tufafi. A fitar da abinci, ruwan sha, yara, masu juna biyu, masu asma da dabbobi, kuma a buɗe tagogi iska ta ratsa kafin a koma. Ya fi kyau wanda ya samu horo ya yi wannan aikin.

7. A maimaita dubawa da aikin zafi bayan kwana 10 zuwa 14, sannan a sake bayan wasu makonni biyu, domin a tarar da waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su fara ƙwai.

Lokacin da ya fi dacewa da babban aikin shi ne bazara, kafin saukar ruwa: rana tana da ƙarfi, kaya suna bushewa da wuri, aikin gona bai kankama ba. Da damina da lokacin hunturu a dogara da ruwan zafi da guga.

Idan Magani Ya Taɓa Mutum

Alamomin gubar DDVP sun haɗa da dalalar miyau, hawaye, gumi, amai, zawo, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar jiki da shaƙewar numfashi. A fitar da mutum zuwa sarari, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin suna iya bi ta hanyar numfashi su shiga huhu. A garzaya da shi Babban Asibitin Funtua, ko na Malumfashi, ko asibiti mafi kusa, tare da kwalbar maganin, saboda ita ce za ta nuna wa likita irin allurar da ta dace. Idan ƙwayar hatsi ce, a fitar da kowa daga gidan har da maƙwabtan da suka haɗa bango, a kai duk wanda ya shaƙa asibiti ko da yana ganin ya samu sauƙi.

Nauyin da Ke Kan Jami'ai da Shugabanni

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duba-gari da ma'aikatan sashen lafiya na ƙananan hukumomi su ne ya kamata su riƙa duba masaukan baƙi, ɗakunan kwanan direbobi a tashoshin mota, da gadajen ɗakunan shan magani. Shugabannin makarantun kwana su yi aikin zafi a ɗakunan ɗalibai a kowane hutu, su kuma shawarci iyaye su zuba kayan yaro a ruwan zafi ranar da ya dawo gida, kafin akwatinsa ya shiga ɗaki. Malaman tsangayu su ware ranar Alhamis, da ba a karatu, domin wanke tabarmi da tufafin almajirai. Malaman gona na hukumar KTARDA, a duk lokacin da suke koyar da feshi, su jaddada cewa maganin gona na gona ne, kuma a ajiye shi a kulle nesa da ɗakin kwana da madafa. Hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai kuma su taimaka wajen tsayar da rana ɗaya da unguwa za ta yi aikin tare, su kuma tsawata wa masu tallar maganin da ba shi da takarda.

Kammalawa

Wanda ya sa ruwan zafi da guga a gaba, ya toshe tsagogin ɗakinsa, ya maimaita aikin sau biyu ko uku, zai rabu da kuɗin cizo ba tare da ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba. Maganin feshi na cikin gida mataimaki ne da ake kira idan buƙata ta kama. Maganin gona da ƙwayar hatsi kuwa ba su da gurbi a inda mutane ke kwana. Ana kira ga duk wanda ya karanta wannan bayani da ya isar da shi ga maƙwabta da 'yan uwa, musamman iyaye mata da ke kula da shimfiɗar yara. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.